Abin da Likita Take Nufi da “Rage”

Shekara ashirin da bakwai Tafinta ya yi yana aiki a ɗakin shari’a na ƙasan bene, kuma a tsawon shekarun nan babu alƙalin da ya taɓa jiran sa. Kafin mai shaida ya rufe baki ya riga ya juya maganar zuwa harshen kotu, da waƙafinta da ayarta. A shekara ta ashirin da takwas rufin ɗakin ya fara yoyo, aka mai da kotun hawa na uku. Matakala hamsin da huɗu ce tsakanin ƙofar titi da kujerarsa. Shi da kansa ya ƙirga, kuma ya sami sukunin ƙirgawa, domin a kowace ta tara sai ya tsaya ya dafa bango.

Ranar Talata ta mako na biyu ya shiga ɗakin yana haki, daidai lokacin da wani mai shaida ya kammala dogon bayani. Aka juyo ana kallon Tafinta. Ya buɗe baki, iska kaɗai ta fito. Alƙali ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

Bayan an tashi, Magatakarda ya ja shi gefe.

“Malam, ba ni na ce ba, mai shari’a ne. Wata uku ya ba ka. In numfashin bai dawo ba, akwai kujera a ɗakin ajiye fayil a ƙasa. Babu hawa, babu magana.”

Rashin hawan bai dame shi ba. Rashin maganar ne ya kai shi asibiti.

Ya kamata a sani cewa ba wannan ne karon farko da Tafinta ya ɗaura yaƙi da tumbinsa ba. Sau uku ya yi. A shekarar da aka haifi ’yarsa ta fari ya yi kwana arba’in a kan ruwan ɗumi da lemon tsami, ya zubar da kilo tara, ya dawo da sha ɗaya. Bayan shekara shida ya gwada wani shayi mai ɗaci wanda bai rage masa komai ba sai fara’a. Na ukun keken motsa jiki ne, wanda har yau yana nan a ɗakin kwana ana shanya tawul a kansa.

Likitar matashiya ce, ba ta kai ’yarsa ba. Ta saurari wannan tarihi har ƙarshe, ta ajiye biro.

“Baba, ni ba yaƙi nake so ka yi ba. Abu biyu ne: ka rage abinci, ka riƙa tafiya kullum.”

“Har zuwa yaushe?”

“Babu har a ciki, Baba.”

A hanyar gida Tafinta ya yi ta juya maganar kamar yadda ya saba juya ta masu shaida. A Hausa, ana rage abu a sa ya yi kaɗan. Ana kuma ci a rage, wato a bar saura a kwano. Likita ba ta fayyace wanne take nufi ba. Haka ma tafiya: wanda ya shiga mota ya je wani wuri, ai cewa ake ya yi tafiya. Kuma ka’ida ce da ya ji ana maimaitawa a gabansa tun yana sabon ma’aikaci, cewa inda aka sami shakka, wanda ake tuhuma ake ba wa gaskiya.

Daga ranar nan bai sake cinye abinci tas ba. A gida yakan ce wa matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take, ta ƙara masa shinkafa, ya ci, ya bar loma biyu a gefen faranti, ya jera su tsaf.

“Malama, ki shaida. Na rage.”

A kantin abincin kotu yakan ce a zuba masa sau biyu, ya rage a na farko, ya rage a na biyu, ya tashi da natsuwar mutumin da ya ninka biyayya. Tafiya kuwa, sai ya sauya mota ya koma shiga wadda ke zagayawa ta bayan kasuwa, don ta fi nisa.

Da wata ya cika suka koma asibiti tare da Malama. Ya hau ma’auni, allura ta nuna ƙarin kilo biyu. Likita ta dube shi, ya fara jawabi a kan ma’anoni biyu na kalmar, har da misalai. Likita ta rufe baki da hannu.

Malama ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama.

“Likita, ki sake faɗa masa a hankali. Yau ni ce tafinta.”

“Ka rage abinci.”

“Ta ce ƙaramin faranti, zubi ɗaya, rabinsa ganye, kuma lemon kwalban da kake ɓoyewa bayan firji ya tashi daga aiki.”

“Ba ta ce haka ba.”

“Malam, ana katse tafinta a kotunku? Ci gaba, Likita.”

“Ka riƙa tafiya kullum.”

“Ta ce da ƙafa. Ƙafafunka biyun nan. Makarantarmu tana kan hanyar kotu, tare za mu riƙa fita.”

Haka aka yi. Abin da ya fi ba Tafinta haushi shi ne babu wani abin ba da labari a cikinsa. Ba a hana shi nama ba, ba a hana shi burodi ba, kawai komai ya zama na hankali. Malama ma abin da ya ci take ci, saboda haka bai sami wanda zai kai wa ƙara ba. Da safe sukan taka na minti ashirin da biyar, yana mita a kan ramukan titi, tana gaisawa da masu shaguna. Ranar da ya karya doka a wurin liyafar ritayar wani abokin aiki, ya dawo yana cewa tunda an riga an ɓata sai a bari har Litinin a sake sabon lale. Malama ta ce babu wata Litinin, gobe da safe ya ɗauko takalminsa.

Da wa’adin ya cika, kilo huɗu kacal ya zubar. Ya ji kunyar adadin, shi da ya taɓa zubar da tara a kwana arba’in. Amma a safiyar nan sau ɗaya ya tsaya a matakala, a hawa na biyu, kuma ya yi kamar yana karanta allon sanarwa. Magatakarda, wanda ke biye da shi, ya ce, “Malam, sanarwar nan ta bara ce.”

Mai shaidar farko wata dattijuwa ce mai rigima da maƙwabcinta a kan katanga, irin masu fara labari daga ranar da suka tare a gidan. Ta yi minti huɗu ba ta haɗiyi yawu ba. Tafinta ya miƙe ya juya maganar kaf, har da zagin da ta saka a tsakiya, wanda ya tausasa shi ya zama “mutumin da ba ya jin shawara”. Alƙali bai taɓa tabaraunsa ba. Da aka tashi, Magatakarda ya ce masa kujerar ɗakin fayil an ba wani.

Ya biya makaranta ya tarar da Malama tana kulle aji. Ya ba ta labari dalla-dalla, sannan ya gyara murya.

“To, tunda an yanke hukunci, ina ganin babban farantin nan zai iya dawowa.”

Malama ta jefa makulli a jaka.

“An sauko da kotun ƙasa ne?”

“A’a.”

“To gobe ma hamsin da huɗu ce. Riƙe mini littattafan nan, mu taka.”