Haƙoran Marka

...kuma bakin kakarta ne fa. Kakar Taiba, ba ta Surayya ba. Amma ga shi can a wangale ƙarƙashin fitila, yatsun Surayya a ciki, ita kuwa Taiba tana tsaye riƙe da kwanon tofar da yawu kamar 'yar aiki.

Dokar makarantar ba ta da kwana-kwana: ƙarshen shekarar farko kowace ɗaliba ta zo da mai datti a haƙora, ta kankare a gaban Malama Hauwa'u kafin azahar. Wadda ba ta kawo kowa ba ta maimaita shekara, shi ke nan. Wata tara suna fama da kan roba mai haƙoran da aka shafa wa fenti, shi ba ya jini, ba ya cewa wash. Yau ranar mutane ce. To duk ajin nan wa ke da baki irin na kakarta Marka? Shekara hamsin ana goro da fure, datti ya daskare a gindin kowane haƙori kamar ƙanzo a tukunya. Tun azumi Taiba ta kama shi. Ta bi ɗakin kwana tana fariya... ita da shegen surutunta... har Surayya ta ce, kai, ina son ganin tsohuwar nan.

Ta kai ta kuwa. Da ƙafarta ta kai ta garinsu Damri da Sallah, ta ba ta rabin katifa, ta ba ta cinyar kaza.

Ƙarfen yana tafiya, ƙas, ƙas, a hankali. Dubi Marka, ido buɗe, tana kallon rufi kamar wadda ake yi wa kitso. Ko motsi!

Ranar nan a tsakar gida, a kan tabarma... gwaji ne kawai, kowa na gwaji. Ƙarfen ya zame a hannun Taiba. Sau ɗaya ne? Sau biyu. To, uku. Jini ya bi haɓar tsohuwa ya ɗiga a zane, ta tofar, ta tura ƙasa a kai da ƙafa. Sai Surayya, da muryar nan tata mai sanyi kamar ba ta ci abinci ba: kawo in gwada, Kaka ki yi haƙuri. Kaka! Wa ya ba ta?

Yau da hantsi babur ɗin Kawu Bawa ya sauke Marka a ƙofar makaranta, ta taho tana dogara sanda, ta wuce kujerar Taiba kamar ba ta gan ta ba, ta nufi ta Surayya. "Ke hannunki na taɓarya ne. Wagga ɗiya ta Maradun nika so." A gaban aji. Har da masu dariya cikin takunkumi, an ɗauka ba a ganin kafaɗa na rawa.

Na taɓarya... to wa ya miƙa mata taɓaryar tana shekara bakwai? Wa ke cewa ƙara ƙarfi, geron nan bai ji ba? Yanzu ne hannun ya zama abin gudu? Ita Surayya me ta taɓa dakawa a duniya? Yatsu sirara kamar tsinken tsire, karatu sau ɗaya ta haddace, Turanci na zuba, Malama na gyaɗa kai. Wai mutumin da za ta kankare wa haƙora mota ta lalace da shi a hanyar Janbako. Wane mutum? Wa ya taɓa jin sunansa? Sun ƙulla ne tun a Damri, lokacin da aka aiki Taiba rijiya... ko ba su ƙulla ba? In ba su ƙulla ba ma ya fi ciwo.

Taiba ta fita bakin titi ɗazu, da farar riga, tana leƙen bakunan mutanen Mafara kamar mai sayen rago. Mai shayi ya ce haƙoransa lafiya lau. Mai fura ta ce sai ta tambayi maigida. Wa za ta gaya wa a gida an mayar da ita baya? Da wane ido?

Da ma ƙarfen ya zame wa Surayya mana. Kaɗan. Ɗigo ɗaya na jini Malama ta gani... astagfirullah, dasashin wa take roƙa a yanka?

"Ya isa, Surayya, na ƙasa sun fita tas," in ji Malama Hauwa'u, tana duban agogo. "Na sama ko taɓa su ba a yi ba. Taiba ta karɓa, in Inna ta yarda."

Marka ta juyo da ido, ta daɗe tana kallon Taiba.

"Taho. Ki yi."

An samu. Ba maimaici ke nan, in dai hannu ya tsaya. Safar hannu, madubi, ƙarfe. Ta sunkuya. Sai ta ga yatsun tsohuwa sun damƙe hannun kujera har jijiya ta fito. Ido a runtse gam. Yatsun ƙafa sun nannaɗe cikin silifa. Matar da ta binne 'ya'ya huɗu ba a ji kukanta ba... ita take tsoro? Ita Taiba?

Bakin yana buɗe, yana jira. Ƙarfen yana kaɗawa a jikin madubi, kas-kas-kas, ya ƙi tsayawa, ita kuwa ko haƙori ɗaya ba ta taɓa ba tukuna...