Gejin Motar Baba

Motar ta girmi Auta da shekara biyu, kuma Auta yanzu yana da 'ya'ya uku. Baba ne ya saye ta tun yana direban kamfani, da idonsa ya yi rauni sai ya miƙa makullin ga babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan yake kira Yaya. Ita tela ce, tana ɗinka kayan makaranta, da motar take kai ɗinki makarantu huɗu a farkon kowane zango.

Shekara guda ke nan motar tana ba ta wuya. In ta tayar da ita, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe layi har mai shagon da ke kusa ya sauke labule. Duk inda ta tsaya sai ta bar tabon baƙin mai a ƙasa. Dogo, bakaniken da ke duba ta, ya canza fulogi sau uku, ya canza roba sau biyu, daga ƙarshe ya goge hannu da tsumma ya ce injin ya gama aiki, ko a sauke shi ko a rabu da motar. Auta ya goyi bayansa, har ya fara kawo masu sayen tsofaffin motoci suna zagaya ta suna buga tayoyin da ƙafa.

Baba bai yarda ba. Kullum da safe yana zaune a kujerarsa ta ƙofar gida, yana karkata kai yana sauraron injin. Ya ce shi dai kunnensa bai ji ƙarar mutuwa ba, abin da yake ji kamar mutum ne da aka ɗura wa ruwa har wuya. Auta ya yi dariya ya ce Baba ya zama likitan motoci da kunne.

Wata safiya Yaya tana shirin kai motar juyen baƙin mai, ta fito da galan ɗaya mai lita huɗu da wasu ƙananan robobi biyu. Baba ya laluba su da hannu, ya tambaye ta na mene ne ƙarin. Ta ce ai haka motar take sha, sai an zuba shida kafin mai ya kai alamar da ke jikin geji, wato siririn ƙarfen nan da ake zurawa a inji a zaro a ga inda mai ya tsaya.

"Shekara ashirin ina yi mata juye," in ji Baba, "galan ɗaya take sha, ko cokali ba na ƙarawa."

Yaya ta tsaya da robobin a hannu. Sai ta tuna cewa bara kan gejin ya karye, Auta ya je kasuwa ya faɗi sunan motar aka ba shi sabo. Ta faɗa wa Baba haka. Sai ya ce ai injin da ke ciki ba na motar ba ne. Na asalin ya buga tun Yaya tana aji uku, ya sa mata na wata mota daban da ya samu a hannun wani abokinsa. Babu wanda ya taɓa tambayarsa, shi kuma bai ga dalilin faɗa ba.

A gareji ta roƙi Dogo ya tsiyaye man tas, ya zuba lita huɗu daidai, sannan ya gwada. Ya yi mata kallon wanda ake koya wa sana'arsa, amma ya yi, don shekararsu goma tare ba ta taɓa yi masa gardama ba. Da ya zura gejin ya zaro, ƙarfen ya fito a bushe, ɗan bakinsa kawai ya jiƙa. Ya sake zurawa, ya sake zarowa. Ya sosa ƙeya ya ce gejin ya yi gajere, ashe shekara guda suna cika injin har ya yi ambaliya, shi ya sa yake amayar da mai ta salansa da ta roba.

Dogo ya ce abu mai sauƙi ne, a riƙa zuba huɗu a manta da geji. Yaya ta ce ita ba ta yanka yadi da ka, kuma ba za ta hau hanya da kayan mutane ba tana zato. Ta ciro wayar labule daga but, ta zura ta a bututun gejin har ta taɓa ƙasa, ta zaro, ta auna daga bakin bututun zuwa inda mai ya jiƙa da tef ɗin da ba ya rabuwa da wuyanta. Inci ashirin da ɗaya da rabi. Sannan ta sa Dogo ya kankare dattin da ya rufe lambar injin, ta goga allin ɗinki a kai har haruffan suka fito fari, ta kwafe a bayan wata takardar awo.

Kwana uku tana bin layin masu kayan gyara. Duk shagon da ta shiga, tambayar farko ita ce sunan mota, in ta ce ba sunan mota take nema da shi ba, lambar inji ce da tsawo, sai a dube ta a dubi tef ɗin. Wani ya ce ko riga za ta ɗinka wa injin. Wani ya miƙo mata guda ya rantse shi ne, ta auna ta ga ya wuce da inci biyu, ya ce ai sai a yanke. A rana ta biyu ƙafarta ta kumbura, ɗinki kuma ya taru a shago. Auta ya kira ya ce akwai mai saye da gaske, ta ce masa ya ba ta kwana ɗaya.

A rana ta uku wani mai sayar da batir ya kwatanta mata filin 'yan gwangwan da ke bayan kasuwa, ya ce ta nemi Mai Tabarau. Ta same shi tsoho ne, yana zaune a kan kujerar mota da aka cire, tabaransa ɗaure da zare. Bai tambaye ta sunan mota ba. Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da ido, ya karanta lambar sau biyu, ya ce rabonsa da jin an nemi irin wannan injin tun kafin gashinsa ya yi fari. Ya nuna mata wani rabin duro cike da gejuna, ya ce ta duba.

Ta tsuguna ta yi ta aunawa ɗaya bayan ɗaya, tana ware su gefe kamar yadda take ware yadi. Sama da hamsin, babu ko ɗaya da alamarsa ta faɗa inda take so. Hannunta ya yi baƙi har gwiwa. Tana shirin miƙewa sai tsohon ya ce ta biyo shi. A ƙarshen filin, ƙarƙashin tulin ƙofofin mota, akwai wani inji da ciyawa ta tsiro ta gefensa. Suka ɗage ƙofofin tare. Ta goga alli a jikinsa, haruffa huɗu na farko suka fito iri ɗaya da na takardarta. Gejin yana nan a raminsa, zobensa ya koɗe. Ya ƙi fitowa sai da Mai Tabarau ya ɗiga masa mai ya murza. Ta shimfiɗa tef, daga wuyansa zuwa alamar cika, inci ashirin da ɗaya da rabi.

Dogo da kansa ya wanke shi da fetur ya zura a motar. Ya shiga ya zauna daram, da ya zaro kuwa mai ya tsaya a kan layin sama, bai wuce ba bai gaza ba. Ya wanke fulogai, ya bar injin yana aiki. Hayaƙin ya yi ta raguwa har salansa ta koma fitar da iska kawai. Ya kira maƙwabtansa na gareji su zo su gani, yana ba su labari, kuma bai ɓoye cewa tela ce ta gano abin ba.

Auta ya zo da mai sayen nasa da la'asar, suka tarar ana loda ɗinki a baya. Ya leƙa ƙarƙashin motar ya ga ƙasa a bushe, ya miƙe ya ba mutumin haƙuri, ya ce Yaya ta fasa.

Washegari Baba ya ce zai raka ta makarantar da ta fi nisa. Ya zauna a gaba, ya sauke gilashi, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Da suka iso dogon hawan da ke bayan gada, wata babbar mota tana gabansu tana nishi, Yaya ta ɗan rage gudu.

"Me kike jira?" Baba ya ce. "Sa mata giya ta uku ki wuce ta."

Ta sa, motar ta ɗauka, suka wuce.