Shafin Ruwa Ya Tsaya a Kore

Ranar Talata ce cikin watan Agusta, gari ya waye tas babu alamar hadari. Amma ruwan da ke yi wa mutanenmu ɓarna ba a kanmu yake zuba ba, daga kudu yake gangarowa ta kogi.

Tun da na bar makaranta a aji huɗu na sakandare na taɓa acaɓa, na taɓa cajin waya, na taɓa sayar da fetur a kwalba, babu wanda na yi wata shida a kansa. Abu ɗaya da na riƙe shi ne shafin ruwa. Reuben, wani ma'aikaci da ke haya a gidanmu a Azare, shi ya haɗa mini shi a intanet. Kullum bayan asuba nakan hau babur zuwa gadar kogin, in duba ƙafar gadar da na yi wa alama da fenti, in sa launin ranar: kore a haye, ja kada a haye. Ruwan da ya wuce gada da safe sai wajen la'asar yake isa fadamar Sakwa, inda kawuna Hammadu ke tsallakar da shanunsa kiwo a wani tsibiri. 'Yarsa Jannatu ke duba masa shafin a ƙaramar wayarta kafin ya fita. Ni da bakina na ce su daina kirana, ai don haka aka yi shafin.

Ran Litinin wani masunci ya kama giwan ruwa, tsawonsa ya kusa kai nawa. Na ɗauki hoto na sa a shafin, sannan na tura adireshin ga wani babban dandali a Fesbuk mai mabiya sama da miliyan. Suka wallafa. Har tsalle na yi.

Da na isa gada ran Talata, ruwa ya shanye koren fenti, ya shanye ja, yana tafe da itatuwa da kumfa. Na ciro waya zan sa ja. Shafin ya ƙi buɗuwa. Na sake. Wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa. Na kashe wayar na kunna, na hau kan gada, na sauko, na sauya layi. Sai na kira Reuben.

"Malam Reuben, shafin ya mutu!"

"Bai mutu ba, cika ya yi. Kai ka gayyato Najeriya gaba ɗaya shago mai ƙofa ɗaya. Yanzu kai mai shagon ma ba ka da hanyar shiga."

"To a kore su mana!"

"Da wace sanda? Sai sun gaji da kifinka. Ka kira mutanen kawai."

Na duba agogo. Bakwai saura kwata. Minti arba'in na ɓata ina kokawa da waya.

Jannatu ta ɗauka tana dariya, da yake akwai wasan taubasantaka tsakaninmu. "A'a, sarkin kifi! An ce ka yi suna."

"Ina Kawu?"

"Sun haye tun ɗazu. Da ƙyar shafin naka ya buɗe, amma kore na gani."

Wayarta ba ta samu sabon shafi ba, sai ta nuna mata wanda ta ajiye jiya.

"Kira shi, Jannatu!"

"Wayarsa na rataye a ɗaki. Ka san ba ya shiga ruwa da ita. Yaya Yunusa, mene ne?"

"Ja ne. Ya ma wuce ja. Ki nemo duk namijin da ya rage a ruga, su je bakin ruwa su yi ta ihu."

Na tayar da babur. Na ratsa Azare ban tsaya ba, na ɗauki hanyar Katagum. Wayata na ta rawa a aljihu, baƙi ne ke tambayar nawa ake sayar da kifin. Bayan na bar kwalta taɓo ya riƙe ni sau biyu, na uku na yar da babur ɗin na ci gaba da ƙafa.

Ruwan bai jira la'asar ba. Ana kiran azahar na iso, mashigin da ake bi iya gwiwa ya kai ƙirji, ya yi ja, yana gudu. Tsofaffi biyu da Jannatu sun yi ihu har muryarsu ta dushe, amma Kawu na can ƙarshen tsibirin, iska na mayar da muryar baya. Na tuɓe riga na faɗa. Ban san yadda na kai ba.

Kawu ya dube ni, ya dubi kogin. Ya kira babbar saniyarsa da sunanta, ya sa ta gaba, sauran suka bi. Manyan suka yi iyo, hanci a sama. Ƙananan ne ruwa ya fara karkatarwa. Na kama wutsiyar wani maraƙi, ya ja ni ƙasa, na sake shi.

A gaɓa Kawu ya tsaya yana kiran sunayen shanun ɗaya bayan ɗaya. Wasu ba su ɗago ba don ba sa nan.

"Kawu, laifina ne."

"Sa rigarka," ya ce. "Sanyi zai kama ka."

Sai washegari da hantsi shafin ya buɗe, har lokacin kore yake nunawa. Reuben ya ce mutum dubu arba'in da ɗaya ne suka zo kallon kifin. Cikin shanu talatin da biyu da Kawu ya haye da su, ashirin da shida suka dawo. Ruwa ya tafi da maruƙa huɗu, da karsana ɗaya, da saniya ɗaya mai ciki.