Wa Ya Haifi Masu Shuɗin Wutsiya?

Maigidana mai aski ne, amma tunda ya fara kiwon gupi, waɗannan 'yan kifayen adon da ba su kai ɗan yatsa ba, sai ka ce shi ya ƙirƙiro ruwa. Yayana tela shi ya koya masa. Shagunansu bango ɗaya ya raba, kuma abokai ne tun kafin a san da ni.

Maigidan yana da namijin gupi mai jar wutsiya, Jan Gwarzo yake ce masa. Ya sayo masa mace a kasuwa, ya zuba su su biyu a akwatin gilashi kusa da madubin shago. Duk wanda ya zauna aski sai ya sha labari: ja ke haifar ja, magana ta ƙare.

Macen ta haihu, don gupi ba ƙwai take yi ba. 'Ya'yan suka fito fari fat, ba launi. Muka jira. Da suka tasa, wutsiyoyi suka fara nunawa. Shuɗi! Kaf mazan shuɗi, kamar an tsoma su a bula.

To, wa ke da shuɗin namiji a layin nan? Yaya. Wa ake bar wa makullin shago in maigida ya fita? Yaya.

"Ɗan'uwanki ya ci amanata," in ji maigida, ko abinci ya ƙi taɓawa. "Kifinsa ya kawo ziyara a bayan idona."

Na ce, "Kai yanzu fisabilillahi, mutum da furfurarsa zai ɗauko kifi a kofi ya kawo shi zance?"

Bai ji ba. Ya je ya faɗa wa Yaya a gaban masu kawo ɗinki. Yaya ya jefo masa makullinsa. Daga nan ko gaisuwa babu. Abin dariya ne, amma wallahi ni ya ƙona min rai, don Yaya ya daina leƙo gidana, kuma shi kaɗai ya rage min.

Da na gaji, na ja maigida har gun mai sayar da kifin. Matar ta saurare shi tsaf, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, macen gupi ajiye irin namiji take yi a jikinta, wata da watanni tana haihuwa da shi. Wannan a cikin shuɗaye ta girma a nan. Da guzurinta ta zo maka. Jan Gwarzonka ɗan kallo ne."

Maigida ya yi tsuru-tsuru. "Ko ɗa ɗaya?"

"Ko rabin ɗa. Sai dai nan gaba."

Duk hanya yana haddace ban haƙurin da zai yi, ni ina gyara masa. Muka shiga shagon Yaya. Yana kan keken ɗinki da hula har kunne, ga zafi. Ya sunkuya ɗaukar almakashi, hular ta faɗi.

Innalillahi! Ashe kansa ya sha aski a wani waje. Gefe guda tudu, gefe guda kwari, ƙeya kamar ɓera ya gwaguya.

Ban haƙurin nan duk ya gudu. Idon maigida ya kawo ruwa.

"Wane azzalumi ne ya yi maka haka?"

"Kai ka ja," in ji Yaya.

Maigida ya kama hannunsa. "Taso, don Allah, kafin mutane su ce ni ne."