Almakashin Sakataren Coci

Kowane mako Auta takan rubuta ɗan labari don takardar sanarwa ta coci, kuma kowane mako sakataren coci, bawan Allah mai son adabi, yakan datse shi don sanarwar taron mawaƙa ta samu wuri. Daga ƙasa yake yankewa, ba ya wahalar da kansa da karatu. To, a ƙasan ne kuwa Auta take ajiye ceto. Shi ya sa duk mutanen labarinta a gadon asibiti suke ƙarewa, addu'a a baki, amsar tana kwandon shara.

"Sannu da aiki, marubuciya," in ji gwaggonta a ƙofar coci, tana fifita da takardar. "Wa kika kashe mana yau? Mun gode da ƙarfafawa."

Auta ta koma ɗaki ta sha kukanta, ta ce ta daina. Dainawar ba ta kai ƙarshen mako ba. Ta miƙa wa sakatare sabon labari. Ya ɗan leƙa samansa.

"Ke 'yata, mutum ya warke tun a layin farko? Ina ciwon?"

"Yana ƙasa, Baba. Ka yanke yadda ka ga dama."

Ya yanke kuwa, bai bar ko layi ɗaya na ciwon ba. Ran Lahadi jama'a suka karanta labarin wani kafinta da ya miƙe yana yabon Ubangiji, ba wanda ya san abin da ya kwantar da shi. Auta tana bencin baya, tana rubuta na gaba a kan cinyarta.