Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Tun ranar da likita ya juya hannun Sabuwa ya girgiza kai, ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Fatar yatsunta ta tsattsage kamar faso, ruwan sabulu na taɓawa sai jini. Ya ce ta daina wanke-wanke. To, jama'a, yaya macen da ke tuƙa wa ɗalibai talatin tuwo duk Juma'a za ta daina wanke-wanke? 'Yan Najeriya daga ko'ina a Alƙahira suke hawa jirgin metro su zo gidanta a Giza don su ji ƙamshin daddawa. Mijinta Abdurrahim, mai rubuta digiri na uku a fiƙihu, ya yanke magana: in ba a sami injin da zai ɗauke mata aikin ba, tuwon Juma'a ya ƙare. Ita kuwa a duk faɗin garin nan tuwon nan ne kaɗai abin da take kira nata.

Usta Ayman, mai gyaran injuna a layinsu, shi ya kawo mata tsofaffin injunan wanke kwanuka guda biyu, ya jona su a ɗan tsukukun kicin ɗinta. Ya ce ta gwada kwana uku ta zaɓi ɗaya. Na farko fari ne fes, ƙirar Italiya, sai ta sa masa suna Bataliye. Na biyu ya yi rawaya don tsufa, ga nauyi, ga murfi mai kuka. Wannan ƙirar Jamus ne, shi ne Bajamushe.

Sabuwa ba ta yarda da gwajin Misrawa ba, na kofin shayi da farantin ful, dafaffen waken nan nasu. Wannan ai ko yaro ya wanke. Ta ajiye kwanukan miyar kuka suka bushe, ta shafe robobi da manja, ta bar tukunya biyu da ƙanzo, ta raba musu daidai kamar rabon gado. Bataliye ya yi aikinsa shiru, minti hamsin ya gama. Ta buɗe da murna, sai ga yauƙin kuka ya manne a gefen faranti ya ƙeƙashe.

"Kai dai kyan ɗan maciji ne da kai," ta ce da shi.

Bajamushe kuwa awa biyu da rabi ya yi yana gurnani, har matar ƙasan bene ta bugo silin da sandar tsintsiya. Sabuwa ta leƙa, ta koma falo, ta dawo, ta sa kunne a murfin. Da ya buɗe, tururi ya doke ta a fuska, tukunyar nan tas, har tana ganin ɗankwalinta a gindinta. Duk da haka ba ta natsu ba. Washegari ta sauya musu tukwane, wai ko ƙanzon ɗaya ya fi tauri. Ta sake da ruwan zafi, ta sake da rabin sabulu. Ko ta ina aka biyo, Bajamushe ne a gaba. Da tsohuwar zuma ake magani, wallahi ranar har rawa ta taka ita kaɗai.

Ranar Laraba Ayman ya zo ya kwance Bataliye, ya ce dama akwai mai jiransa a Wustul Balad, can tsakiyar birni. Yana ɗaure shi da igiya yana yabon wanda ya bari.

"Kin iya zaɓe, ya madam. Daga gidan wata Baturiya a unguwar Ma'adi na ɗauko shi. Karnuka uku gare ta, har kwanukansu a ciki take wankewa, bai taɓa toshewa ba!"

Shi yabo yake yi, bawan Allah. Ita kuwa maganar karnukan kaɗai ta riƙe.

Abdurrahim na shigowa ta tare shi tun bai cire takalmi ba. Ya saurara, ya yi murmushi.

"Sabuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya kare ba najasa ba ne. Kuma ruwan zafi nawa ya bi ta cikin injin nan tun bayan karnukan? Ki kwantar da hankalinki."

"Malam, mutane fa za su ci abinci a kwanukan."

"Na ce babu komai."

Da a ce zuciya na karanta littafi, da maganar ta mutu a nan. Ina! Ta ɗauki faranti ta shinshina, ta ajiye. Ta zuba ruwa a kofi ta kasa sha. Da safe, bayan Malam ya tafi laburare, ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarta Wijdan, Bamisriya mai yawan azumi da yawan magana. Wijdan ta dafe ƙirji.

"Kare? Ya habibti, wanki bakwai, ɗaya da ƙasa! Mu haka muka sani. Khalas, shi ke nan, ba wata hanya."

Abin da Sabuwa ke son ji ke nan. Ba ta tsaya tambayar yaya ake yi wa inji ba, ba ta kuma kira Ayman ba, don kunya take ji ya yi mata dariya. Ta sauka inda ake gini a bayan gidansu, ta ciko gwangwanin madara da ƙasa. Ta fara barbaɗa kaɗan, ta ga kamar wasa take yi da addini, sai ta juye duka a cikin injin, ta murɗa shi kan gajeren zagaye na ɗauraya. Ta jera ƙwallayen dabino bakwai a kan tebur don kada lissafi ya ɓace mata.

Wanki na farko ya wuce da wata irin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ta ture ƙwallo ɗaya. A na biyu gurnanin ya koma tari, tarin ya koma shiru, sai warin waya mai ƙonewa. Jan ruwa ya biyo ta ƙarƙashin murfi ya taɓa mata ƙafa.

"Innalillahi! Na shiga uku."

Ayman ya zo bayan la'asar, ya kwanta a ƙasa ya zaro famfon injin, ya karkata shi, laka ta zubo. Ya juyo wajen Sabuwa.

"Shekara ashirin da biyu, gida uku, ba wanda ya iya kashe shi. Ma'alish, sai haƙuri, ya madam. Irin wannan famfon an daina yin sa."

"Bataliyen fa?"

"Tun jiya aka jona shi a gidan mutane."

Abdurrahim na tsaye a bakin ƙofa, ya ga gwangwanin, ya ga laka. Ta so ya yi faɗa, ko ta sami abin mayarwa. Bai yi ba. Ya kama hannunta ya duba yatsun, ƙasa ta shiga cikin tsagar, wani wurin har ya fara kumbura. Sai ya saki, ya ciro waya ya buɗe zauren ɗaliban.

"Malam, ko gobe kaɗai. Na riga na jiƙa shinkafa."

"A'a, Sabuwa."

Ya rubuta musu cewa babu tuwo gobe, babu kuma na Juma'ar sama. Tana zaune a kan kujerar kicin, ƙafarta cikin ruwan laka, tana jin wayar na ƙara ɗaya bayan ɗaya, yara suna tambaya ko Anti lafiya.