Takardar Bayan Littafi

A ɗakin karatun da nake aiki, ni na ƙirƙiro liƙa farar takarda a bayan kowane littafin labari, mai karatu ya rubuta ra'ayinsa ba suna. Yawanci shirme ne. Wani ya ce ya yi tsawo, wata ta zana fure. Ina karantawa ina tsaki, amma ba na fashi.

Akwai wani ɗan littafi da mutane ke rububinsa, labarin wata tsohuwar tela ta shekara ɗari da suka wuce, wadda ta gano wanda ya zuba wa shugaban tashar jirgin ƙasa guba a shayi. Kisa ne dai, amma irin wanda ake karantawa ana miƙe ƙafa.

Ranar Talata da hantsi na buɗe bayansa, sai ga sabon rubutu da koren biro, tsaf-tsaf: "Labari mai daɗi, amma marubucin bai taɓa jinyar kowa ba. Wa zai zuba duka rana ɗaya? Kaɗan-kaɗan ake yi, sati shida. Gashi ya fara zuba, hannu ya kama rawa, likita ya ce tsufa ne."

Har na yi dariya, na ce ka ji 'yar iyawa. Na jawo katin aro in ga ko wace ce, sai na ga lambata ce ta ƙarshe.

Ni na kai littafin gida sati biyar da suka wuce, na ba matar Yaya. Shekara uku ke nan tana jinyar Baba, ita ce wanka, ita ce juya shi, ita ce wankin zanin gado. Ni kuwa sai ranar Asabar nake leƙawa da littafi a jaka, wai tukuicina ke nan. Ko kunya ban ji ba. Asabar ɗin da ta wuce ta maido mini shi, kuma a ranar na ga gashin Baba cike da matashin kai, na ce tsufa ne.

Ko rufe taga ban yi ba na fita.

Na tarar da ɗakin Baba fes, an ɗaga labule, an jingina Baba da filo biyu, hannunsa na rawa a kan bargo. Koren biron na kan teburin magunguna. Matar Yaya ta shigo tana juya shayi da cokali, ta yi mini sannu da zuwa, ta tambayi aiki, ba ta ko tambayi abin da ya kawo ni ranar Talata ba. Tsoro nake ji, wallahi, da kunya.

Ta miƙo mini kofin.

"Ungo, ƙanwata, ba shi. Ai ke kike ba shi duk Asabar, ya fi sha a hannunki."

Baba ya gan ni da kofi, ya yi murmushi, ya buɗe baki.